Kuɗin Da Haƙoran Taya Ke Ci

A ranar 10 ga Janairun 2021, ana cikin gasar Dakar, a hamadar da ke tsakanin Ha'il da Sakaka a arewacin Saudiyya, dutse ya tsarge tayar baya ta babur ɗin Toby Price, mutumin Ostareliya da ya taɓa cinye gasar Dakar sau biyu, a 2016 da 2019. Zangon ranar irin wanda ake kwana a daji ne, ba bakanike, ba motar kayan gyara, ba wata tayar da zai saka. Sai ya durƙusa da salatef da 'yan igiyoyin roba irin waɗanda masu aikin lantarki ke ɗaure wayoyi da su, ya ɗaure tsagar kamar mai ɗorin karaya. Washegari ya yi tseren kilomita 375 a kan wannan taya, ya zo na biyu. Hoton tayar ya zaga duniya, kowa na jinjina masa.

Ni ma na jinjina masa, don ba kowane namiji ke iya haka ba. Sai dai da na daɗe ina kallon hoton, lissafi ne ya riƙa zuwa mini a rai. Duk inda ka leƙa a harkar baburan daji, zance ɗaya ake yi, wato yadda taya za ta kama ƙasa. Da shi masu sayar da taya ke talla, da shi masu ƙera babur ke ƙara farashi, da shi masu koyar da tuƙi ke tara ɗalibai. Kowa zai gaya maka abin da za ka samu, amma da wuya ka ga wanda ya zaunar da kai ya lissafa maka abin da za ka bayar. Na yi shekaru ina hawa babur a hanyoyin ƙauye, ina kuma bibiyar masu yin abin don gasa, kuma abin da na tabbatar shi ne duk ɗan riƙon da taya ta ƙara, akwai inda aka yanko shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da nake son in bi diddigi shi ne wanda ya yi gudun, da kuma tsawon da ya yi.

Babur wuri biyu kawai yake taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba. A kan kwalta, roba ce ke manne wa titi, titin kuma yana nan daram, ba ya motsi. A daji ba haka abin yake ba. Yashi, tsakuwa, laka, marmara, dukkansu suna gocewa. Haƙoran taya suna kafewa cikin ƙasa ne su tura ta baya, ita kuma ƙasar ta tura babur gaba gwargwadon ƙarfinta. In ƙasar ta ɓare, ko da haƙoran na ƙarfe ne, tayar za ta juya a banza tana watsa ƙura. Ashe iyakar riƙon tana hannun ƙasar da ake takawa, mai shago ba shi da ta cewa a wannan. Wannan ɗan riƙon kuma tamkar tiya ɗaya ce ta gero da za a raba wa ɗaki uku: ja, tsayawa, da karya kwana. In ka murɗa totur ka ba ja kaso mai yawa, kwana ta samu kaɗan. In ka damƙi birki a tsakiyar kwana, ka kwashe rabon kwanar ke nan, tayar gaba ta zame, sai dai ka ji ka a ƙasa. Babu wata na'ura da ta taɓa canza wannan rabo. Dabarun da ake sayarwa duka ƙoƙari ne na cika tiyar ta ɗan yi toro, ko na raba ta da hankali.

Dabara ta farko, wadda ba ta cin ko sisi a ranar da aka yi ta, ita ce rage iska. Duk ɗan kabu-kabun da ke shiga yashi ya san ta. Taya in ta yi laushi tana baje cikinta a ƙasa, haƙora da yawa su taɓa, ta kuma rungumi dutse da saiwa maimakon ta yi tsalle a kansu. Babur ɗin titi yakan sha iska wajen 30 a gejin mai faci. Na daji yakan tsaya tsakanin 12 da 15. Masu gasar hawa duwatsu a hankali, wadda ake kira tirayal, suna sauka har zuwa 4 ko 6. Bambancin riƙon ba ƙarya ba ne, da kanka za ka ji shi a hannu. Amma bashin yana nan yana jira. Taya mai ƙarancin iska in ta daki gefen dutse da gudu, takan lotse har rim ya matse tub a jikin dutsen, ya huda shi huji biyu a jere kamar saran maciji. Wani lokaci rim ɗin kansa ya lanƙwashe, sifok su saki. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: in injin na da ƙarfi, tayar na iya sulalewa a jikin rim ta ja tub tare da ita, har bakin da ake hura iska ya tsinke daga gindi. Wannan ba ya facuwa. Domin hana shi ne ake huda rim a ɗaura wani ƙarfe da ke danne leɓen taya daga ciki. Shi kuma ƙarfen nauyinsa a gefe ɗaya yake, yana sa ƙafar babur rawa in an hau titi da gudu, sannan ranar da za a cire taya, mai faci zai sha wahalar da ba a biyan ladanta. Wasu kan sa tub mai kauri sosai don gudun huji. Ya fi jurewa, amma ya fi nauyi, ya fi ɗaukar zafi, kuma kaurinsa na rage wa tayar laushin da tun farko aka rage iska dominsa. Dabara ɗaya ta haifi matsala, maganin matsalar ya dawo ya ci wani ɓangare na ribar dabarar.

Saboda wannan tufka da warwara ne kamfanin Michelin ya fito da wani abu a farkon shekarun 1980, domin mahaya gasar Paris zuwa Dakar. Soson roba ne mai siffar tub, ana kiransa mus, ana cusa shi cikin taya a madadin iska. Ƙaya ko ƙusa ba ta yi masa komai, tunda babu iskar da za ta fita. Laushinsa kuma daidai yake da taya mai iska wajen 13. A wurin ɗan gasa wannan babban rufin asiri ne, ba na musu. To amma a kasuwannin Turai da Amurka guda ɗaya ya haura dala 100, kusan kuɗin tayar kanta, ga shi ƙafa biyu za a sa wa. In ka haɗa tayoyi biyu da mus biyu, kana maganar dala 400 ko fiye, kafin babur ya motsa daga inda yake. Sa shi cikin taya aiki ne na ƙarti, da dogayen ƙarafa da man shafawa na musamman. Yana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, cikin 'yan watanni ya saki jiki. Ba ya son doguwar tafiya da gudu a ƙasa mai tauri, domin zafi na dafa shi daga ciki har ya marmashe, kuma ranar da ya marmashe a tsakiyar hamada babu faci, babu famfo. Ba za ka iya ƙara masa tauri da safe don duwatsu ka rage da rana don yashi ba. Yadda aka sa shi haka za ka tafi.

Su kansu haƙoran taya, kowane iri da ƙasar da aka yi shi dominta, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Masu tsawo da tazara a tsakani su ne na laka da yashi, domin suna shiga da zurfi, kuma tazarar na barin laka ta fita yayin da tayar ke juyawa. Ka hau da su kan fako ko fa, sai su riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashinka, babur na yawo, wasu haƙoran su ɓalle daga tushe. Gajeru masu matsatsi su ne na ƙasa mai tauri, amma taɓo na cika tsakaninsu nan da nan, tayar ta koma sumul kamar sabulu. Roba mai taushi irin ta masu hawa duwatsu tana manne wa jiƙaƙƙen dutse kamar danƙo, sai dai gasa ɗaya mai tsanani na iya cinye ta. Ko a taya ta gama-gari, abin da ke cizon ƙasa shi ne kaifin bakin haƙori, wannan kaifi kuwa da awanni ake ƙirga rayuwarsa. Shi ya sa za ka ga mahaya na juya tayar a kan rim, baya ta koma gaba, don su ci moriyar ɗaya bakin, wasu kuma na yanke bakin da wuƙa mai zafi don su fito da sabon kaifi. Ga kuma abin da ya fi damuna: yawancin masu irin wannan babur sai sun bi kwalta kafin su kai daji. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta, taya mai dogayen haƙora robarta kaɗan ce ke taɓa titi, birkinta ya fi na tayar titi rauni nesa ba kusa ba. Riƙon da ka saya don daji, a kan titi ake cire maka kuɗinsa, a tsakiyar manyan motoci.

Shokazoba ma haka. Babur ɗin daji ƙafafunsa na iya lotsawa wajen santimita 30, domin taya ta bi tudu da kwari ba tare da ta rabu da ƙasa ba, tunda tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Sakamakon haka sirdi ya yi sama, ya doshi santimita 95, wanda ba dogo ba ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ya tsaya a gangare babur ya kayar da shi yana tsaye. Mai da robobin cikinta suna son canji a kai a kai, in ƙura ta shiga kuma sai yoyo. Tun wajen 2017 kamfanoni irin su KTM suka fara sa wa baburan daji kwamfutar da ke rage wutar inji in ta ji tayar baya na juyawa a banza. Tana taimako a santsi, amma a yashi mai zurfi juyawar nan ita ake nema, don haka mahayi ke kashe ta. Yamaha ma ta taɓa ƙera babur mai ja da ƙafa biyu, WR450F 2-Trac, inda matsin mai ke juya tayar gaba. Bafaranshe David Frétigné ya shiga Dakar ta 2004 da shi, ya cinye wasu zanguna, ya ƙare na bakwai. Riƙon ya ƙaru, ba shakka. Amma nauyi ya ƙaru, farashi ya ƙaru, abubuwan da za su lalace sun ƙaru, kasuwa ba ta karɓe shi ba.

In ka kai ƙorafin tsadar nan wurin tsofaffin hannu, amsarsu a shirye take: bar sayen kaya, gyara zamanka. Gaskiya suka faɗa, kuma na fi yarda da su a kan masu shago. Tashi tsaye a kan matakai, gwiwa ta zama shokazoba ta biyu. A yashi ja jiki baya, tayar gaba ta yi sauƙi, kada ka saki totur, kada ka ƙanƙame kan babur in ya fara rawa. A kwana matso gaba kusa da tanki don tayar gaba ta samu nauyi, ka danna matakin da ke waje. A laka sa giya ta sama, inji ya ja a hankali. A hawan dutse riƙe kuloci rabi da rabi kana ba taya ƙarfi kaɗan-kaɗan. Ido kuma can gaba, inda kake son zuwa. Sai dai ina ƙin yarda idan aka ce wannan kyauta ne. Kulocin da ake riƙewa rabi da rabi faifansa ke ƙonewa, inji na zafi har ruwan lagireto ya tafasa, tunda babu gudun da zai kawo iska. Tsayuwar awa uku a kan matakai cinya da baya ne ke biya. Hannu yakan kumbura ya sandare har mutum ya kasa matsa birki. Koyon kuma da faɗuwa ake yin sa, faɗuwar babur kuwa ta fi son wuyan hannu, da gwiwa, da ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa.

A garin Eisenerz na ƙasar Ostiriya akwai wani dutse da ake haƙar tama, inda tun 1995 ake gasar Erzberg. Mahaya 500 ake tantancewa su shiga tseren ƙarshe, a ba su awa huɗu su gama tafiyar da ba ta fi kilomita 35 ba. A 2015 mutum biyar ne kawai suka kai ƙarshe. Duk ɗari biyar ɗin nan suna da taya mai kyau da babur na zamani, abin da ke hannun na ɗaya kusan shi ne a hannun na ɗari uku. Baturen Ingila Graham Jarvis ya cinye gasar a 2019 yana da shekara 44, a gaban samarin da ya isa ya haifa. Masu cewa gwaninta ta fi kaya sukan kafa hujja da shi, kuma hujjar ta zauna. Amma a ƙarasa lissafin. Jarvis tun yana yaro yake gasar tirayal, yana koyon yadda ake ɗora taya a kan dutse ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Riƙon da ake gani a tayarsa shekaru sama da talatin ne na rayuwar mutum. Wanda ya sayi babur bara, ya kalli bidiyon Jarvis a waya, ya nufi dutsen bayan gari, ba shi da wannan jarin.

Duk waɗannan ƙananan basussuka ne. Babban shi ne wanda ba a son ambato. Mutum in ya ƙara samun riƙo, ba ya ajiye shi don ranar tsautsayi. Kashe shi yake yi nan take, ya sayi gudu. Kwanar da yake karyawa a hankali jiya, yau da sabuwar taya zai shige ta da wuta, har ya sake isa bakin iyakar da yake jiya, sai dai yanzu in ya faɗi, da gudu mai yawa zai faɗi. Ƙarfin karo kuma ba daidai da gudu yake hawa ba: gudu in ya ninka biyu, ƙarfin da jiki zai sha ya ninka huɗu. Tarihin Dakar shaida ne. Thierry Sabine ya ɓata a kan babur a 1977 a hamadar da ke iyakar Nijar da Libiya, daga nan tunanin gasar ya zo masa, aka tashi daga Paris a ƙarshen Disambar 1978. Wanda ya cinye ta farko, Cyril Neveu, Yamaha XT500 ya hau, babur da bai fi na talakawan mahaya da komai ba. Shekaru da dama ayarin na ratsa Agadas da hamadar Tenere, har a 1997 aka yi ta daga Dakar zuwa Agadas a dawo. Tayoyi suka inganta, mus ya kawar da tsoron faci, shokazoba ta koyi haɗiye ramuka, gudu a buɗaɗɗen fili ya haura kilomita 150 a awa. Fabrizio Meoni, ɗan Italiya da ya cinye gasar a 2001 da 2002, ya mutu a Muritaniya a Janairun 2005. Shekara na zagayowa Andy Caldecott na Ostareliya ya mutu a ƙasar. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne, kuma ba rashin kaya mai kyau ya kashe su ba. Masu shirya gasar suka rage girman inji zuwa 450, injiniyoyi suka maido da gudun ta wata hanya. Ranar 12 ga Janairun 2020, shekarar farko da aka kai gasar Saudiyya, Paulo Gonçalves na Fotugal ya faɗi ya mutu yana da shekara 40. Mahayin da ya fara iske shi a kwance, ya tsaya a kansa, shi ne Toby Price.

Bayan wannan mutuwa ne aka kawo dokokin 2021: rigar da ke kumbura da iska in an faɗi ta zama dole, manyan mahaya kuma aka ƙayyade musu tayoyin baya shida kacal na duk gasar. Ka duba abin da wannan doka ke nufi. Mutanen da suka fi kowa sanin harkar sun zauna sun ga cewa hanyar rage mutuwa ita ce a rage wa mahaya riƙo, a tilasta musu tattalin taya, ko Allah zai sa su sassauta. Ban san wata shaida da ta fi wannan ƙarfi ba a kan cewa riƙo da tsira ba abu ɗaya ba ne. Sai dai ita ma dokar ba ta tsira daga lissafi ba. Mahaya da dama sun yi ƙorafin cewa mai neman kofi ba zai rage gudu ba, zai yi gudun ne a kan tayar da ta cinye. A cikin wannan yanayi Price ya ɗaure tayarsa da igiyoyin roba. Ya kai ta Neom, ƙarshen zangon, lafiya. Kwana ɗaya bayan haka, ranar 12 ga Janairu, shekara guda cif da mutuwar Gonçalves, ya faɗi da gudu, ya karya ƙashin kafaɗa, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa asibiti. Ba tayar da ya ɗaure ce ta kayar da shi ba, ya riga ya rabu da ita. Hoton tayar ya fi labarin faɗuwar yawo, wannan kuma yana ba ni takaici, domin samari na ganin na farko ba sa ganin na biyu.

Akwai kuma mai biyan da ba a tambayar ra'ayinsa, wato ƙasar kanta. Tunda riƙo a daji tura ƙasa baya ne, duk cizon da haƙori ya yi, ƙasa ya tona. Ƙurar nan da ke tashi a bayan babur, wadda masu ɗaukar hoto ke so, fatar ƙasa ce ake feɗewa. A gangare, layin da taya ta tona shi ne hanyar da ruwan sama zai bi, damina biyu ko uku ya zama kwazazzabo. Manomin da ruwa ya taɓa cinye wa gefen gona ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta san da haka, shi ya sa a gasar enduro ta ƙayyade cewa haƙoran tayar baya kada su wuce milimita 13. A Amurka akwai tseren da aka fara a 1967 daga Barstow zuwa Las Vegas ta cikin hamadar Mojave, wanda a 1974 ya tara mahaya sama da 3,000. Hukumar kula da filayen gwamnati ta hana shi a 1975 saboda ɓarnar da ya yi wa ƙasa da tsirrai, aka dawo da shi a 1983, aka sake rufe shi bayan 1989 domin kare kunkurun hamada. Lokacin da Dakar ta koma Kudancin Amurka daga 2009, hukumar kayan tarihi ta Chile ta yi ta kukan wuraren tarihin da aka tattake a hamadar Atacama. Ƙasar hamada ba ta saurin warkewa, sawun taya na iya shekaru yana nan.

A wajenmu babur ɗin da ke shiga daji ba don wasa yake shiga ba. Boxer ce ɗauke da buhu biyu na masara, ko mai jego da jaririnta za a kai asibitin gari, ko ma'aikacin rigakafi da akwatin sanyi a baya, ko malamin gona a kan Yamaha AG, babur ɗin da aka ƙera tun asali don makiyayan Ostareliya da New Zealand, sarƙarsa a rufe don kada ƙura da laka su ci ta. Wannan mahayi lissafinsa daban ne. Tayar da za ta yi masa shekara ita yake nema, wadda za ta bi yashi da safe, burji da rana, kwalta da yamma, kuma in ta yi faci kowane mai faci a bakin kasuwa zai iya gyara ta. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga ana ɗora masa ma'aunin 'yan gasa, ana nuna masa taya mai manyan haƙora a matsayin ci gaba. Amma ba na wanke shi gaba ɗaya. Tattalinsa ma na da farashi, kuma sau da yawa fasinja ke biya. Na sha ganin tayar gaba da ta cinye har zare ya fito, an bar ta saboda ta baya aka fi damuwa da ita, alhali ta baya in ta zame ana iya kamo babur, ta gaba kuwa in ta tafi ba ta sallama. Na ga kayan da aka jibga a baya har gaban babur ya yi sama-sama, ba nauyin da zai danne shi a kwana. Na ga masu cika taya da iska tam don mai ya yi auki, sannan su shiga tsakuwa babur na tsalle kamar ɗan akuya. Ga hular kwano da ba kowa ke sawa ba, ga silifas a ƙafa.

Wata damina na hau bayan wani dattijon ɗan kabu-kabu zuwa wani ƙauye kusa da iyakar Nijar. Da muka iso bakin wata ƙorama da ruwa ya janye ya bar yashi mai laushi da taɓo a tsakiya, sai ya tsaya ya kashe inji. Samari biyu sun riga mu, sun shiga da wuta, ɗaya ya haye, ɗayan tayarsa ta nutse har salansa yana ta murɗa totur tana ƙara tona wa kanta rami. Dattijon ya durƙusa ya tsinci ɗan tsinke, ya danna bakin tub ya rage iskar baya, ya matsa tayar da babban yatsa, ya ƙara ragewa kaɗan. Ya ce da ni, "Malam, a yi haƙuri a ɗan taka, nauyinmu ya yi mata yawa." Na naɗe ƙafar wando na bi shi a ƙasa. Ya sa giya ta biyu, ya bi sawun amalanken shanu inda ƙasa ta riga ta danne, ƙafafunsa biyu a ƙasa yana dogarawa, ya haye ba tare da tayar ta juya a banza ko sau ɗaya ba. Ya jingine babur, ya dawo muka taya yaron ciro nasa. Daga nan har muka fita burji bai wuce tafiyar keke ba, yana kauce wa kowane dutse saboda rim, na kuma makara wurin da za ni da fiye da rabin awa. Da muka kai rumfar mai faci ta farko ya tsaya aka mayar masa da iskarsa, ya ciro kuɗi daga aljihun gaba ya biya.